Ruwan karo na warin magani: me ake aunawa, kuma wa ke aunawa?

Maman Ikhlas: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga masu sani. Tun farkon makon nan ruwan da mai karo, wato amalanken jaki mai ganga, yake kawo mana a nan Gadarif ta Sudan warin magani yake yi, har a shayi ana jin sa. Surukata ta ƙi sha, ta ce a riƙa ɗebo mata na rijiyar maƙwabta, wanda yake fari tas, ba wari ba komai. Yara kuma sun bi bayanta. Wannan maganin da ake zubawa ba ya illa? Kuma wa ya auna ya ce iyakar abin da za a zuba ke nan?

Abu Hamza: Wa alaikumus salam. Mu ma haka yake a layinmu. Ni dai zargina da ka suke zubawa, ba wani awo.

Hajiya Babba: 'Yata, surukarki tana da uzuri. Mu da muka tashi a Mai Wurno, daga kogi ake ɗebo mana ruwa, da damina jajawur. Iyayenmu sai su ɓare 'ya'yan zogale busassu, su daka, su dama a moɗa, su juye a randa suna juyawa da muciya. Kafin a gama aikin tsakar gida laka ta kwanta a ƙasa, ruwa ya yi garau. Da shi aka raine mu, ga mu har yau. Wannan warin ni ma ba na son sa.

Baban Mus'ab: Ranki ya daɗe Hajiya, abin da kuka faɗa game da zogale gaskiya ne. Wata masaniya Bajamushiya, Samia Jahn, ta bi ƙauyukan bakin Nilu a nan Sudan ta ga yadda mata ke yin sa, aka gwada a ɗakin gwaji aka tabbatar yana kwantar da laka. Daga nan ma labarinsa ya bazu a duniya. Sai dai zogale da alimun aikinsu ɗaya ne, su tattara datti su kai shi ƙasa. Suna rage ƙwayoyin cuta da yawa, domin da dama suna manne da lakar, amma ba sa kashe waɗanda suka rage. Kuma ruwan da aka sa wa zogale idan ya kwana yakan soma lalacewa.

Maman Ikhlas, aikina ke nan a ɗakin gwaji, bari in amsa miki dalla-dalla. Abin da kike ji kulorin ne. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne bayan an zuba shi an jira minti 30, ya rage aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita, kuma lokacin da ruwan zai iso hannun mai sha kada ya gaza 0.2. Iyakar da aka ce kada a wuce ita ce miligiram 5. Hancin ɗan Adam kuwa yana kama shi tun bai kai ko 1 ba. Saboda haka jin wari kaɗai ba ya nuna an wuce gona da iri. Lokacin da ake fargabar kwalara da gangan ake ƙara shi a wurin cika tanka da karo, domin a hanya yana raguwa: rana tana cin sa, tsatsar ganga tana ci, dattin jarka yana ci.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na rijiyar. Farin ruwa ba shaida ba ne. Ƙwayar kwalara ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano.

Abu Hamza: Ka faɗi abin da ya kamata a yi, ba ka faɗi abin da ake yi ba. Kai ka je ka ga suna awon?

Baban Mus'ab: Tambayarka tana kan hanya. Ba zan rantse a kan kowane wurin ɗiban ruwa na Gadarif ba. Amma awon ba wani abin ɓoye ba ne, a gabanka za a iya yin sa. Wani ɗan akwatin roba ne da bai fi tafin hannu ba. A cika shi da ruwan, a jefa ƙwaya ɗaya da ake kira DPD, a girgiza. Idan akwai kulorin ruwan zai koma ruwan hoda, sai a ɗaga shi sama a gwada da launukan da ke jikin akwatin, kowane launi da lambarsa. Idan ya tsaya fari, babu kulorin a ciki. Minti biyu bai cika ba an gama.

Mai Karo na Tasha: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Tunda maganarmu ake bari in sa baki. Inda nake cikawa akwai yaro mai rigar aikin sa-kai da yake tsaye da bokiti da sirinji. Kowace ganga in ta cika sai ya zuƙo maganin ya auna a jikin sirinjin ya matsa a ciki, ba da ka yake zubawa ba. Wani lokaci yana tare mu a bakin hanya ya tsiyayi kaɗan daga tiyo ya sa wannan ƙwayar da Baban Mus'ab ya faɗa, na gani da idona. Matsalarmu ita ce in mun kai gida sai uwar gida ta sansana ta ce ba ta so. Shi ya sa wasu cikinmu, ba zan ɓoye ba, suke kauce wa layin su tafi hafir, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, ko wata rijiya su ciko. Can ba dogon layi, ba wari, kuma mai saye ya yi murna. Mai gaskiya shi ke komawa gida da rabin ganga.

Maman Ikhlas: Innalillahi. Ashe mu ne muke tura su.

Abu Hamza: A'a, kada a juye laifin kan mata. Me ya kai mu sayen ruwan karo tun farko? Garin da ke ciyar da ƙasa da dawa da riɗi, amma tun muna yara ake kukan ƙishirwa. Ana janyo mana ruwa tun daga Shuwak a bakin kogin Atbara, ba ya isa. An buɗe madatsar Atbara ta sama da Setit a 2017, shekara da shekaru muna jin za a kawo ruwa daga can a huta. Sannan yaƙi ya zo, mutanen Khartum suka zo, na Madani suka biyo a ƙarshen 2023, na Singa a 2024. Bututun da bai ishi 'yan gari ba shi ne za a raba da baƙi. A gyara tushe tukuna kafin a zo ana leƙa randar mutane.

Usta Mai Famfo: Abu Hamza, gaskiyarka ta fuskar ƙarancin ruwa, amma bari in gaya maka abin da nake gani in na haƙa. Ko da ruwa ya baro tashar tace ruwa da tsabtarsa, ba lallai ya iso maka haka ba. Ƙasar nan tamu baƙar laka ce, da rani ta tsage har hannu ya shige, da damina ta kumbura. Tana motsi tana karya mahaɗar bututu. In da ruwa na gudu dare da rana da sauƙi, domin ƙarfinsa waje yake turawa, sai dai a yi asara. Amma namu yau ya zo, gobe da jibi babu. Bututu in ya zama fanko, duk abin da ke kwance kusa da tsagar ciki yake shiga. Sai kuma mota, wato injin jan ruwa, da kowa ya ɗaura a bakin layi yana zuƙa. Wallahi na taɓa tono wani reshe da aka ja ba bisa ƙa'ida ba, tiyon roba ne aka ɗaure da tsumman tayar keke, ya ratsa ta gefen ramin masai, tazarar ba ta kai taku biyu ba. Gidaje da yawa ke sha daga wannan reshen, kowa da motarsa. Ruwa ba ya tsami banza.

Abu Hamza: To in ban sa mota ba, Usta, ɗigo ɗaya ba zan gani ba, maƙwabcina ya zuƙe. Ka ce in cire?

Usta Mai Famfo: Ban ce ka cire kai kaɗai ba, na san ba zai yiwu ba. Abin da nake cewa, ruwan farko da ya zo bayan yankewa kada a tara shi don sha. A bar shi ya zuba a bokitin wanki har launinsa ya daidaita. Kuma duk wanda ya ga wuri yana jiƙe a kan layi ba ruwan sama, ya yi magana a gyara.

Baban Mus'ab: Abin da Usta ya faɗa shi ne dalilin da ya sa gwajin tasha kaɗai ba ya wadatarwa. Dole a gwada a mafita, a gwada a tsakiyar gari, a gwada a famfon da ya fi kowane nisa, sannan a gwada a randa. Idan kulorin ya fito da ƙarfinsa amma a ƙarshen layi babu shi, to wani abu ya cinye shi a hanya, kuma wannan abin datti ne.

Akwai kuma wahalar damina. Atbara daga duwatsun Habasha yake gangarowa, daga Yuli zuwa Satumba laka ce zalla yake ɗaukowa. Kulorin ba ya aiki sosai a dagulallen ruwa, ƙwayoyin cuta suna fakewa a jikin ƙurar lakar. Ana auna dagulewa da ma'aunin NTU, ana so kada ta wuce 5, in da hali ma ƙasa da 1. Saboda haka dole tasha ta fara zuba maganin kwantar da laka, ta tace ta cikin yashi, sannan kulorin ya zo a ƙarshe. Idan maganin ya yanke ko wuta ta ɗauke, nan ake samun matsala. A gida ma haka tsarin yake: a kwantar da zogale ko alimun kamar yadda Hajiya ta ce, a tsiyaye na sama a tace da tsabtataccen ƙyalle, sannan a sa ƙwayar kulorin gwargwadon abin da aka rubuta a takardarta, a jira rabin awa. Aikin iyayenmu shi ne matakin farko, ba a yar da shi ba.

Hajiya Babba: To wannan na yarda da shi, ɗana. Amma ka ce mini, mu me ya sa ba mu mutu ba?

Baban Mus'ab: Allah ya ƙara muku lafiya Hajiya. Ku tuna yara nawa gudawa ta ɗauke a wancan zamanin tun ba a yaye su ba. Waɗanda suka rayu su ne suke ba da labari. Kuma yawan mutanen da ke bakin ruwa a yau ba ɗaya yake da na da ba.

Hajiya Babba: Haka ne. Mahaifiyata ta binne uku kafin ni. Allah ya jiƙansu.

Malam Liman: Amin. Jama'a, akwai wani ruɗani da nake ji a bakin mutane, har a ƙofar masallaci an kawo mini shi. Suna cewa ai littafi ya ce ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sauya ba mai tsarki ne, to na rijiya ya cika sharaɗi, na karo ne ya sauya. Wannan hukunci na alwala da wanka ne, malamai ba su kafa shi don ya zama gwajin lafiyar ciki ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ruwan da ya sauya saboda ƙasar da yake kwance a kanta ana alwala da shi, amma wa zai ce a ɗura wa jariri ruwan kududdufi don ya halatta a yi alwala da shi? Babin sha yana ƙarƙashin hana cuta da cutarwa. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a rufe ƙwarya a ɗaure bakin salka. Wanda ya bar randa a buɗe, kowa na tsoma moɗa da hannunsa, ya bar wannan umarni.

Maman Ikhlas: Allah ya gafarta Malam, wannan ita ce hujjar da Inna surukata take kawo mini. Zan karanta mata da bakinku.

Yaya ta Kosti: Ban so yin magana ba amma shiru ba zai yi ba. Ina Kosti a Fabrairun 2025 lokacin da aka kai hari tashar wuta ta Um Dabakir, wuta ta ɗauke, tashar ruwa ta tsaya. Mutane suka koma Farin Nilu, karo na ɗebowa kai tsaye daga kogi ana sayarwa. Cikin 'yan kwanaki asibiti ya cika, ana shimfiɗa mutane a ƙasa. Ɗiyar maƙwabciyata da safe tana wasa, kafin la'asar idanunta sun faɗa, in ka ja fatar cikinta sai ta tsaya ba ta komawa. Gudawar fara ce kamar ruwan wankin shinkafa. Allah ya sa an kai ta da wuri aka ɗaura mata ruwa, ta tashi. Wasu ba su kai ba. Ruwan da suka sha ba mai wari ba ne. Ni yanzu in ban ji warin nan ba hankalina ba ya kwanciya.

Abu Hamza: Allah ya kiyaye gaba, Yaya. Mu ma nan mun gani a Satumbar 2023 da aka ayyana ɓarkewarta a Gadarif, ta sake dawowa a Agustan 2024 har da Kassala. Shi ya sa nake cewa a fito mana da sakamako. In ana gwaji, ina takardar? Na taɓa zuwa wani ofis in tambaya, aka ce in dawo, na dawo aka ce mai makullin ba ya nan. Kuɗin ruwa kuwa ba a taɓa mantawa da karɓarsa ba. Mutum yana da haƙƙin ya san abin da yake ba 'ya'yansa.

Baban Mus'ab: A nan ba mu da saɓani ko kaɗan. Da ana liƙa sakamakon kowane mako a wurin ɗiban ruwa, da rabin jita-jitar nan ta mutu, kuma da ma'aikacin da ke sakaci ya ji kunya. Sai dai ka sani waɗanda ke cikin ɗakunan gwajin su ma a matse suke. Gwajin ƙwayoyin cuta ba kamar na kulorin ba ne. Ana neman wata ƙwaya mai suna E. coli, wadda gidanta hanjin mutum da dabba ne, ganin ta a ruwa yana nufin bayan gida ya shiga. Ƙa'ida ita ce kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100. Ana tace ruwan ta wata 'yar takarda, a ɗora ta a kan abincin ƙwayoyin, a sa a na'urar ɗumi a kan digiri 44 na kusan kwana guda, sannan a ƙirga ɗigon da suka tsiro. Wuta ta ɗauke da tsakar dare, aikin ya lalace, sai a sake. Kayan aikin kuma daga waje suke zuwa.

Kawu na Jidda: Salamu alaikum 'yan uwa, ina biye da ku daga nan. Akwai wani ɗan abin awo mai kamar alƙalami da ake sayarwa a nan, ana tsoma shi a kofi ya nuna lamba. Masu sayar da matatar ruwa suna yawo da shi gida-gida. In zai yi amfani in sayo guda goma in ba mai tahowa.

Baban Mus'ab: Allah ya saka da alheri Kawu, amma ku dakata. Wannan alƙalamin gishirin da ya narke a ruwa yake aunawa, ba ya ganin ƙwayar cuta ko ɗaya. Ruwan kogi mai ɗauke da kwalara zai iya nuna lamba ƙarama mai kyau, ruwan burtsatse mai lafiya ya nuna babba. Yana da amfaninsa: ƙasa da 600 ruwa yana da daɗin sha, in ya haura 1000 an fara jin zartsi. Guda ɗaya ya ishe mu. Sauran kuɗin ku sayo mana akwatin gwajin kulorin da ƙwayoyin DPD masu lamba 1, a shagunan kayan wurin ninƙaya ake samun su. Ku duba ranar lalacewarsu.

Kawu na Jidda: An gama, in sha Allah.

Maman Ikhlas: Yaya Baban Mus'ab, to in Inna ta dage sai na rijiyar, in tafasa mata ya wadatar?

Baban Mus'ab: Ta fuskar ƙwayoyin cuta ya wadatar, in ya tafasa sosai yana ɓulɓula, aka bar shi ya huce a rufe, kuma ba a mayar da shi tsohuwar jarka ba. Amma rijiyar cikin unguwa tana da wata matsalar da wuta ba ta magani. In masai na kusa, sinadarin naitiret yana tsiyaya ya shiga, iyakarsa miligiram 50 a lita, kuma tafasawa ƙara masa kauri take yi. Babba ba lallai ya ji komai ba, jariri ɗan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara da shi ne yake cikin haɗari. Shi ya sa ake son tazarar mita 30 aƙalla tsakanin masai da rijiya. Ki taka ki gani ko ta kai. Game da warin kuma, ki zuba mata na karo a tsabtataccen tulu mai murfi ya ɗan jima ya yi sanyi, yana raguwa sosai. Kada dai a gauraya shi da na rijiyar.

Mai Karo na Tasha: Ni in an kawo abin gwajin a fara da gangata, a gaban kowa. In ta yi kyau a faɗa wa mata su daina kora ta.

Abu Hamza: Wannan ya yi. Amma ina nan kan bakata, gwajinmu ba zai ɗauke wa masu alhaki nauyinsu ba. In mun tara lambobin wata guda, a rubuta takarda da sa hannun kwamitin unguwa a kai musu, a ce ga abin da muka samu a ƙarshen layi, ku nuna mana naku. Ni zan kai.

Malam Liman: Babu laifi, a je da ladabi kuma a je da hujja. Allon sanarwa na masallaci yana nan, a riƙa rubuta sakamakon a kai duk Juma'a. Sunan wuri za a rubuta, ban da sunan gida, kada a tozarta kowa.

Shugaban Zaure: To mun tsaya a kan wurare huɗu: wurin cika karo, famfon bakin kasuwa, famfon ƙarshen layin gabas, da gidaje biyar da za su ba da kansu. Masu so su yi mini magana ta gefe. Usta zai zagaya da matasa a duba inda ke yoyo.

Hajiya Babba: A sa gidana a ciki. Ina so in ga abin da randata za ta nuna.

Baban Mus'ab: Madalla Hajiya. Roƙona ga gidajen da za a je: kada kowa ya kawo mini ruwa a robar lemo, ba zai yi ba. Zan zo da kwalabena da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, in ɗiba da hannuna, in sa a ƙanƙara, domin ana so ya isa ɗakin gwaji cikin awa 6. Kuma don Allah kada a wanke randa ko a sauya moɗa saboda za mu zo. A bar komai yadda aka saba sha kullum, in ba haka ba sakamakon ba zai nuna mana komai ba. Zan fara da layin gabas ranar Asabar bayan sallar asuba, lokacin da ruwa ya saba zuwa.